Kafin Ka Rataya Bindiga

Ƙannena na Batsari da Safana, na Ruma da Wagini da Runka da Zakka, maganar bindiga zan yi da ku, ko da yake na san akwai manyan da za su ce bai dace a ɗauko ta gaban yara ba a irin wannan lokaci. Ni ban ga abin da shirun ya tsinana ba. Wayar da ke aljihunku ba ta yi shiru ba. Kullum tana nuna muku Bature kwance rub da ciki a dajin Amurka, ya leƙa madubin bindiga, ya kayar da barewa daga tsallaken kwari, daga nisan da ido ma ba ya tantance ta. Abin ya burge ku, har kun fara gardama a majalisa kan wace bindiga ce ta fi cin zango. To gara ku ji amsar daga bakin na gida.

Mu fara da wadda ta fi ɗaukar ido, bindigar kaboyi. Ita ce mai mariƙin ƙarfe a ƙarƙashin kunama: a tura shi gaba kwanson da aka harba ya faɗo, a dawo da shi sabon harsashi ya hau. Kamfanin Winchester na Amurka ne ya yi suna da ita. Ƙirarsa ta 1873 ita ce ta shahara a finafinan kaboyi. Ta 1894 kuwa, wadda wani gwanin maƙeri John Browning ya tsara, an ƙera ta fiye da miliyan 7, kuma harsashin da aka fi saninta da shi, wato .30-30, ya fito ne a 1895. Bindiga ce mara nauyi, mai daɗin riƙo, ba ta da saurin lalacewa. Ba na musun kyanta.

Sai dai abin da bidiyo ba ya faɗa muku shi ne, ko a garinsu ba bindigar nesa ba ce. Harsasanta a jere suke cikin wani bututu da ke ƙarƙashin bakinta, kan wannan na tokare da gindin na gabansa. A gindin nan kuwa ake buga harsashi ya tashi. Da za a sa mata masu tsini, girgizar harbi kaɗai na iya sa na baya ya tayar da na gaba a cikin bututun, a hannun mai ita. Shi ya sa ake yi mata harsashi mai dakusasshen kai. Irin wannan kuwa iska kan ci ƙarfinsa da wuri, ya fara sunkuyawa ƙasa. Daga baya an fito da masu tsinin roba mai laushi, sun ɗan ƙara mata zango, amma har yau maharban can sun fi yarda da ita a tazarar mita 150 zuwa 200, yawanci ma a ƙasa da haka suke harbi. Bindigar kurmi ce, ta mutumin da ya iya sanɗa. Wanda ya neme ta don harbin nesa ya yi ɓatan kai tun a kasuwa.

Ku kuma ba ma za ku kai kasuwar ba, domin doka na tsaye a bakin ƙofa. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsu. Akwai na amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka da danginta da ake ɗurawa ta baki, su suna ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sandan jiha. Cikin faɗin bakin da dokar ta lissafa a matsayin na soja akwai milimita 7.62, faɗin bakin .30-30 ke nan daidai, don haka kada ka sa rai wani jami'i zai kalle ta a matsayin abin harbin zomo. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, haka mai raunin gani, haka wanda aka sani da shaye-shaye. Wanda aka kama da haramtacciya kuwa, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Saboda haka tambayar farko ba a wurin maƙeri ake yin ta ba, a hedikwatar 'yan sanda da ke Katsina ake yin ta.

Za a samu wanda zai ja ka gefe ya ce kada ka damu da takarda, shi zai samo maka. Ka tambayi kanka ta wace hanya. Hanyar da bindiga ke bi ta shigo ƙasar nan ta bayan fage guda ce, kuma ka san su wane ne manyan masu ciniki a kanta. Kuɗinka zai shiga aljihun da ke ciyar da mutanen da suka hana mahaifinka noma gonarsa ta nesa. Ranar da aka kama dillalin kuma, lambarka na cikin wayarsa, kusa da tasu. A wannan rana babu mai sauraron bayanin cewa kai zabo kake nema.

To, a ce ma doka ta buɗe ƙofa. Me za ka harba? Tsofaffi suna ba da labarin bauna da gwanki da gyado a dajin Rugu, suna faɗin lokacin da kura ke zuwa har bayan gari. Wannan daji ya wuce. Gatari ya ci rabonsa, gona ta ci nata, gobarar daji da yawan harbi suka ƙarasa sauran. Abin da ya rage a inda ƙafarka za ta iya zuwa ta dawo lafiya shi ne zomo da zabo da fakara da kurege da gafiya, sai gada in an yi babbar sa'a. Ɗan abin da ya yi saura na manyan namun kuma doka ta kare da yawansu, tun daga dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 har zuwa dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke neman ƙarewa. Harbin zabo da harsashin da aka yi don barewar Amurka kamar kashe sauro ne da taɓarya: gashi kawai za ka tsinta. Abin da ya dace da irin wannan nama shi ne bindiga mai watsa ƙananan ƙwayoyi, wadda aikinta bai wuce mita 30 zuwa 40 ba. Sau da yawa ma kare mai kyau da gora sun fi ta kawo nama gida, ga shi ba a sayen musu harsashi. Ka lissafa kuɗin harsashi ɗaya, ka lissafa nawa ake sayar da zabo a kasuwar Batsari, sannan ka tuna ba kowane harbi ke samu ba.

A nan nake so ku tsaya ku saurara da kyau, don nan ne gindin maganar. Maharbin ƙasarmu bai taɓa yin suna da nisan harbi ba. Da kusanta ya yi suna. Ka bi tsohon maharbi da asuba ka ga aiki. Kafin ya bar bakin gona zai durƙusa ya ɗebi ƙasa mai laushi, ya sake ta a hankali tsakanin yatsunsa, ya ga inda ƙura ta karkata. Daga nan ya san ta ina zai ɓullo wa nama, don iska ta riƙa bugun fuskarsa, kada ta kai warinsa gaba. Zai duba sawu ya ce maka na jiya da yamma ne, domin raɓa ta sauka a kansa, gefensa ya zube. Wancan kuwa na yanzu ne, bakinsa da kaifi. Zai murje kashin zomo ya ji ko da sauran danshi. Ba ya taka busasshen ganye, gefen ƙafa yake fara ajiyewa kafin tafin. In tsuntsu ya yi wani irin kuka sai ya daskare a inda yake, ƙafa ɗaya a sama, har sai dajin ya manta da shi. Tazarar da kai za ka ci a minti biyu, shi sai ya yi rabin sa'a a kanta. Idan ya ɗaga bindiga, ya riga ya ga idon abin da zai harba, ya san namiji ne ko mace, ya san ko tana da ciki ko tana shayarwa, in haka ne ya sauke ya wuce.

Dalilin wannan haƙuri ba ɓoyayye ba ne. Mai bindigar toka harbi ɗaya gare shi. Kafin ya sake ɗuri, duk abin da ke da ƙafa ko fiffike ya bar wurin. Ba banza aka yi mata laƙabi da harba-ka-ruga ba. Ƙarancin nan nata shi ya koya wa maharba sana'a. Yaron da ya fara da bindiga mai harsashi shida ko bakwai a ciki, kuma yana jin tana kaiwa nesa, ba zai taɓa koyon karanta iska ba, don yana ganin bai da bukata. Zai yi ta ɓarin wuta daga nesa, ya karya ƙafar wannan, ya fasa cikin waccan, su gudu su mutu a cikin sarƙaƙiya, ungulu ta ci.

Malamai ma suna da magana a nan. Wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san an karhanta farautar da ake yi don wasa kawai, an halatta wadda ba ta wasa ba. Ya san ana ambaton sunan Allah lokacin sakin makami. Idan ka riski dabba da sauran ranta, makamin bai huda mata makasa ba, sai ka yanka ta kafin ka ci. In kuwa ta ɓace maka har ta kwana, cinta ya shiga cikin saɓanin malamai. Dubi yadda duk waɗannan hukunce-hukunce suka ɗauka cewa maharbi na kusa da abin da ya harba, da wuƙarsa a ƙugu, zai iya isa gare shi nan take. Mai harbi daga mita 400, kafin ya ratsa kwari da ƙaya ya isa, me zai tarar? Ka je ka tambayi limaminku, zai faɗaɗa maka fiye da ni.

Akwai kuma abin da ya fi mushe muni. Harsashin babbar bindiga idan ya kuskure ba ya tsayawa don ya kuskure. Yana iya tafiyar fiye da kilomita 2 kafin ya faɗi, kuma da ƙarfin kisa yake tafe. Ƙwayoyin mai baki biyu kuwa ba sa nisa suke zubewa. Baturen da ka gani a waya yana harbi ne a filin da za a yi tafiyar yini ba a ga bukka ba, kuma yakan sa tudu a bayan abin da ya auna. Mu ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce a mafi yawan wurare, kuma a cike take da mutane. Tun shekarun 1960 aka keɓe wani yanki na dajin nan na wajen Runka don kiwo. Bayan kowace sabara ana iya samun yaro da sandarsa yana bin awaki, ko mace mai ɗiban itace, ko manomi a sunkuye. A 'yan shekarun nan an ƙara wani rukuni da kakanninmu ba su sani ba: wanda ya kuɓuto daga hannun masu garkuwa, yana tafe cikin dare ba takalmi, yana laɓewa a duk inda ya ji motsi. Ku da kuka ga yadda aka kora ɗalibai fiye da 300 na makarantar Ƙanƙara cikin daji da ƙafa a watan Disambar 2020 ba sai an yi muku dogon bayani ba. Don haka farautar dare da fitilar goshi, ku bar ta. Ido biyu ne kawai ke ƙyalli a cikin duhu, ba ka san na gada ba ne ko na ɗan akuyar maƙwabci, kuma ba ka san wane ne a tsugune bayansu ba. Ita kanta fitilar, wanda ke kallonta daga nesa, soja ne ko ɗan bindiga, ba zai ɗauke ta ta mai neman zomo ba.

In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Da can, in aka ga mutum da bindiga a kafaɗa da warki da layu da karnuka, yara bin sa suke yi suna kallo, mata su leƙo su tambaya ko da nama. Yau fa? Mutanen da suka kwana da abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum 30 a dare ɗaya, ba za ka zarge su ba idan suka hango baƙo da bindiga gabansu ya faɗi. Abin kuma bai tsaya a gida ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana gab da ƙaramar Sallah, wasu mafarauta 'yan jihar Kano, yawancinsu daga Bunkure, sun taso daga Fatakwal za su gida. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar da suke ciki, suka ga bindigogi ƙirar gida, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Mutum 16 aka kashe. Zalunci ne tsagwaronsa, Allah ya jiƙansu. Na kawo shi ne don ka san cewa yanzu bindiga na yin magana kafin mai ita ya buɗe baki, kuma ba abin da yake nufi take faɗa ba. In bindigar toka ta jawo wannan, ina ga wadda ta yi kama da ta yaƙi?

Na san wani zai ce, Yaya, kai ma ka san ba zomo ne ya dame mu ba. Haka ne, na sani. Mafi yawan masu tambayar wace ce ke cin zango ba nama ke ransu ba, garinsu ke ransu, da ƙannensu mata, da shanun da aka kora. Ban raina wannan ba, ba kuma zan ce wa wanda aka kashe wa uba ya ji kamar ba a yi komai ba. Gwamna Aminu Bello Masari da kansa, a Jibiya a watan Agustan 2021, ya ce wa mutane su tashi su nemi abin kare kansu. Amma gwamna ba ya ba da lasisin bindiga, maganarsa kuma ba za ta tsaya maka a gaban alƙali ba. Abin da nake roƙo shi ne kada ka haɗa abu biyu a tukunya ɗaya. In tsaron gari kake so, ka kira shi da sunansa, ka shiga ta ƙofarsa. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, ta fara da matasa kusan 1,500 daga ƙananan hukumomin da abin ya shafa, da horo da albashi da shugaban da za a tuhuma in an yi ba daidai ba. Wannan daban yake da saurayi ya ɓoye makami a rumbu, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Mun ga inda wannan hanya ta kai mu. An tare mutum a kasuwa an kashe shi ba don an kama shi da laifi ba, sai don kamanninsa da harshensa, 'yan'uwansa suka zo ramuwa kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba, aka yi ta juyawa. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2019 ya rushe. Wanda aka ƙulla a 2025 a yankunanmu, kowa da ra'ayinsa a kansa, ni ma ina da nawa, amma ba na so a ce harbin ɗan wani daga cikinmu a bakin daji ne ya zama hujjar da wani ke jira.

Wanda duk ya ji wannan, kuma har yanzu zuciyarsa na ga farauta ta gaskiya, madalla. Sana'a ce mai asali, da sarautarta da ladubbanta. Ya je ya gaida Sarkin Baka ko Sarkin Dawan yankinsu, ya nemi ubangida. Ya yarda ya yi shekara yana ɗaukar jaka da gorar ruwa, yana riƙe karnuka, bai taɓa kunama ba. Mai gari ya san da shi, 'yan sandan yankin su san fuskarsa, sunansa ya shiga rajistar ƙungiyar maharba, ya riƙe katinsa. Kada ya fita shi kaɗai, kada ya fita ba a san inda ya nufa ba, kuma in an ce wani yanki ba a shiga, to ba a shiga.

Ranar da aka miƙa masa bindiga kuma, ya sani ta fi cin na gida a kan na daji. Ku duba hannuwan tsofaffin maharba a kasuwa, za ku ga masu yatsu uku da masu huɗu. Yawanci ba nama ne ya cije su ba. Bakin bindiga ne da aka yi da ƙarfen da bai kai ba, ko aka cika mata albarushi don a ƙara mata zango, ta tsage a hannu. Kwaɗayin nisan nan dai shi ne. Da damina albarushi kan ja danshi: ka ja kunama, shiru, ka ɗauka ta ƙi, ashe wutar na ci a hankali. Yaro sai ya juyo bakin ya leƙa. Wanda ya sani yakan bar bakin na kallon inda babu kowa, ya jira, ya ƙara jira. Ba a hawa babur da ita a ɗure, ba a tsallake shinge da ita a ɗane, ba a jingine ta a zaure a shiga sallah. Ba a rataye ta a ɗaki da ɗuri a ciki, inda ƙaninka ɗan shekara bakwai zai taka turmi ya ɗauko. Albarushi ba ya kwana kusa da murhu ko inda ake ajiye fetur. Ba a nuna ɗan'uwa da ita ko da wasa, ko da ka rantse babu komai a ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana nuna Musulmi da makami, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. In abin ya faru sai ka ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma wani ne ya bar ta a ɗure. Hoton nan kuma da kuke ɗauka da ita kuna sawa a TikTok da Facebook, ku daina. Ba 'yan mata kaɗai ke kallo ba.

Saura bindigar gado, wadda na san tana rataye a ɗakunan da yawa daga cikinku tun rasuwar kaka. Lasisi na mutum ne da sunansa, ba ya shiga rabon gado, don haka takardar marigayi ba ta rufe ka ba ko da tana nan a cikin adaka. Kada kuma ka gwada harba ta don ka ji ko tana aiki. Ba ka san ko da tsohon ɗuri a cikinta ba, ba ka san iya inda tsatsa ta ci ba. Ka bar ta inda take, ka kira babban gidanku, ku sami mai gari ya haɗa ku da Sarkin Baka ya duba ta, daga nan ku tafi ofishin 'yan sanda tare, a rubuta ta da sunan wanda zai riƙe ko a karɓe ta a ba ku shaida a rubuce.